Tuwon Mutumin Nepal

Mahaifina bai taɓa cin abinci a gidan sayar da abinci ba sai ranar da na kai shi. A wurinsa magidanci a gidansa yake ci, ko a gidan ɗan'uwa. Manomi ne a Furana, ni kuma lokacin ina aikin ofis a sakatariyar Makarfi, zamanin da sojoji suka ce kowa ya ɗaure ciki. Sabulu da madara ma sai an bi layi, ga soja tsaye da bulala.

A bakin hanyar Zariya akwai wani mutumin Nepal mai sayar da abinci. Wani kamfanin gyaran hanya ne ya zo da shi a matsayin kuku. Da gwamnati ta soke kwangilar, manyan suka kwashe nasu suka tafi, shi kuma ya rage da matarsa a tsohon ɗakin cin abincin ma'aikata. Kowa Ba'indiye yake ce masa. Yakan gyara, har ya gaji ya daina.

Ran nan Baba ya zo a duba masa ido a asibiti, muka fito azahar ta gota, bai karya ba. Na ce mu biya can. Ya tsaya a ƙofa yana shinshina ƙamshin kori da tafarnuwa.

“Wa ke yi musu yanka?”

“Mahautan kasuwa, Baba. Naman akuya ne. Shi ko naman shanu ba ya ci.”

Ya daɗe yana nazari kafin ya cire takalmi ya shiga, ko da yake babu wanda ya ce a cire.

Mutumin gajere ne mai faɗin ƙirji, Hausarsa a gutsuttsure. Ya haɗa tafin hannuwa ya sunkuya, ya ce, “Sannu, Baba.” Sai ya shiga ba mu haƙuri. Shinkafa ta yi wuya, bai samu ba. Abin da yake da shi sai abincin da shi da matarsa suka dafa wa kansu, in ba za mu raina ba.

Matar ta kawo faranti mai faɗi da ƙananan kwanoni a kewaye: naman akuya cikin romo ruwan ɗorawa, wani romon wake mai ruwa-ruwa, ganye, da yajin tumatir. A tsakiya kuwa malmala ce baƙa-baƙa. Baba ya taɓa ta da yatsa, ya dube ni.

“Kai, wannan ai tuwo ne.”

Kunya ta kama ni. Na kawo shi ya ga abin duniya, ga shi an ajiye masa abin da ya baro a gida. Shi kuwa ya yi bisimilla ya kai loma. Yajin ya kama masa harshe, ya ce kamar an sa fasaƙwari. Bai tsaya ba. Ya kira mutumin ya ce ya zauna.

“A ƙasarku ma ana tuƙa tuwo?”

Mutumin ya ce shi suka tashi suna ci, shinkafa ta mutanen kwari ce. Su a kan dutse suke. Ya jera hannuwansa ɗaya bisa ɗaya yana nuna yadda suke sare jikin dutse hawa-hawa su shuka masara da wani ɗan ƙaramin gero. Baba ya tambayi damina, ya tambayi taki, ya tambayi abin da suke huɗa da shi. Inda Hausa ta ƙare na sa musu Turanci, inda Turancin ya ƙare suka ci gaba da hannu.

“Wa ke noma gonar yanzu?”

“Babana. Ya tsufa, kamar kai.”

“Kana da 'yan'uwa a wurinsa?”

Mutumin ya girgiza kai. Ya ce duk sun fita neman aiki, kowa da ƙasar da ya faɗa. Baba ya suɗe yatsa. Ni na sunkuyar da kai, don mu ma duk mun watse, ƙanena yana Kano, ni ina Makarfi, gonar Furana shi kaɗai da 'yan ƙwadago. Bai kalle ni ba.

“Allah ya mai da kai ka same shi da rai,” ya ce.

Mutumin ya sake haɗa hannuwa.

Da kaka Baba ya aiko da gero a motar kasuwa, ya ce a kai wa baƙon nan. Na kai masa, ya zuba hannu cikin buhun yana murza ƙwayar, ya ce tasu ta fi ƙanƙanta kuma ja ce. Kafin wata damina suka tafi. Wasu sun ce Legas, wasu sun ce gida. Ban taɓa samun tabbaci ba.

A shekarar na fara zuwa Furana kowace Asabar ina kama noma. Baba bai tambaye ni dalili ba. Ya dai ce fartanyar da na ɗauka ta yi mini nauyi, in ɗauki ta ƙanena.