Jan Tafin Hagu a Rumfar Zoɓo

Ni ba mai fita ba ce. Duk unguwarmu a Gumel an san haka. Ko biki aka kira ni, sai na yi ta jan ƙafa har a fara raba kwanuka. Abokiyar hirata rediyo ce, tana rataye a ƙusa bakin madafa, ina tuƙa tuwo tana ba ni labarin duniya. Karatuna bai wuce na allo da aji uku na firamare ba, amma duk abin da ya shiga kunnena ya zauna ke nan, har da muryar mai maganar. Abin da ya fitar da ni daga gida mako biyu cur, ɗiyar ƙanena ce.

Daga Gagarawa aka kawo mini ita tana 'yar shekara bakwai, na riƙe ta. Shan inna ya taɓa ta tun tana goye. Ya bar mata ƙafafu lafiya lau, ya shanye hannun dama daga gwiwa zuwa yatsu. Hannun yana nan, ɗan siriri, a lanƙwashe, tana iya tokare abu da shi ko ta ture, amma ba ya kamawa. Sai Allah ya zuba albarkar duka a na hagu. Da shi ta yi rubutu har ta gama sakandare, kuma in muka zauna tsintar wake, kafin in gama neman tabarauna ta tsince rabin faifai.

Bari in faɗi laifina tun da wuri, kada a ce na wanke kaina. Ko a gidana akwai abin da ban taɓa bari ta yi ba. Ba ta miƙa wa Malam, maigidana, kwanon abinci, ba ta kai wa baƙo ruwa. Da ta ɗauka sai in ce, "Kawo, 'yar nan, zauna ki huta." Ni a ganina tausayi ne. Ita kuwa ba ta taɓa ce mini uffan ba.

Wata shekara bayan an kawar da amfanin gona, aka buɗe rumfar tsintar zoɓo a bakin gari, kan hanyar Maigatari. 'Yan kasuwa ke sayo busasshen zoɓo daga ƙauyuka, mata su zauna su tsince tsakuwa da kara da gurguzu, a ɗura mai kyau a buhu, a yi ƙasashen waje da shi. Ɗiyata ta ce, "Gwaggo, zan je. Ina so ni ma in ci gumina." Na ce Allah ya ba da sa'a.

Kafin hantsi ya dubi ludayi sai ga ta ta dawo. Ba ta yi kuka ba. Ta cire hijabi, ta jawo faifan wake, ta hau tsinta kamar waken ne ya yi mata laifi. Da ƙyar na tatsi maganar. Wai shugabar matan rumfar, wata Hajiya, ta dubi hannunta ta ce abin da mutane za su sha ba a taɓa shi da hagu.

Abin kunya, cikin raina na ce ai Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Sai dai da na ga yadda yarinyar ke jefa wake, na kasa barin maganar ta wuce haka. Nan na tuna wani shiri da na ji a rediyo, wata lauya tana bayani cewa doka ta hana a ƙi ba mutum aiki saboda nakasa, ko ƙabilarsa, ko addininsa, ko don mace ce. Maganar tana nan a kunnena kamar jiya na ji ta.

Washegari da safe na yafa babban mayafina, na ce wa ɗiyata ta taso mu koma rumfar. Malam ya ɗago kai daga buta ya ce, "Yau kuma wa ya rasu?"

Na ce, "Ba wanda ya rasu, Malam. Shari'a zan je."

Ya ce, "To, Allah ya jiƙan wanda za ki kama."

Tun daga bakin ƙofar rumfar kunnena ya fara biki. Ga Fulani daga wajen Sule Tankarkar suna Hausarsu mai lanƙwasa, ga Mangawa suna tsokanar su wai ba su san komai ba sai bin saniya, su kuma suna ramawa. Ga matan Damagaram da suka tsallako iyaka, masu ce wa babbar mota kamyo, suna kiran kowa Madam. Can gefe wata 'yar kudu tana ɗinke bakin buhu tana waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Manajan rumfar ma Bayarabe ne da ya tsufa a Maigatari, karin magana a bakinsa ya fi na wasu 'yan gari. Na ce a raina, ikon Allah, rumfa ta ɗauki duniya duka, ta rasa gurbin hannu ɗaya.

Na gaishe da Hajiya, ta amsa da mutunci. Babbar mace ce mai tsoron Allah, carbi a wuya, ta daɗe a sana'ar. Sai na gyara murya. Wallahi ban yi niyya ba, muryar lauyar nan ce ta fito daga bakina, da jan numfashinta da yadda take danna kalma. Na zazzage bayanin dokar tas. Kafin in rufe baki rumfa ta kece da dariya.

Hajiya ta ce, "Sannu, lauya. To ita dokar taki, ita za ta sha zoɓon?"

Manaja ya fito daga ofis yana goge ido don dariya. Ya ce, "Mama, abin da kika faɗa gaskiya ne, dokar tana nan. Ba ni da ikon mayar da yarinyar nan don hannunta. Ta shigo, ta kama aiki."

Hajiya ta ce, "Ta shigo, ranka ya daɗe. Amma ba kan tabarmata ba."

Manaja ya ja ni gefe ya ce in Hajiya ta miƙe, rabin matan nan za su bi ta, shi kuma ya zauna da buhunansa. Ya ce a bi a hankali. Abin da a hankali ya haifa, tsintsiya ce. Aka ba ɗiyata sharar rumfa.

Na kasa tafiya in bar ta. Na nemi gurbi a tabarma, tsakanin wata Bafulatana da wata Badamagariya mai bakin tsiya, na zauna ni ma ina tsinta. Kuma gaskiya na ji daɗin zaman, duk da ƙaiƙayin zoɓo da atishawa. Na koyi gaisuwar Fulatanci, na ci kwaɗon zogalen 'yar kudu, Badamagariya ta laƙaba mini Madam Rediyo, kowace safiya sai an sa ni na karanta musu labarai da muryar mai karantawa. Amma duk lokacin da na ɗaga kai, sai in ga ɗiyata da tsintsiya a can nesa, idonta a kan tabarma.

Ranar Laraba ta mako na biyu, muna tafiya gida ta ce, "Gwaggo, dokarki ta shigar da ni ƙofa, ta tsaya a bakin tabarma. In mako ya ƙare na bari. Shara ai ko a gida ina yi."



Washegari bakina ya mutu, ko labarai ban karanta ba. To ni in bakina ya yi shiru kunnena ke buɗewa. Sai na fara jin aikin kansa. Ga yadda ake yi: kowace mace da tulin zoɓo a gabanta da ɗan gwangwani a gefe. Ta jawo kaɗan, ta tsince datti tana jefawa a gwangwani, in wurin ya yi fes ta ture shi da tafin hannu zuwa tulin mai kyau. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, shaa. Ƙwas, ƙwas, shaa. Mata wajen talatin, sauti ɗaya kamar kiɗa. Ina cikin saurare sai na lura ƙwas ɗin nan kullum daga damata yake fitowa, shaa ɗin kuma daga haguna. Na saurari Bafulatana, haka. Na saurari Badamagariya, haka. Na miƙa kunne can wajen Hajiya. Haka!

Na jira har aka kira azahar. Muka taru bakin randa da butoci. Na zuba ruwa a tafin haguna, ya gangaro ja wur kamar an yanka kaza. Na dama kuwa, yatsu uku ne kawai suka ɗan yi ja a baki.

Na ce, "Hajiya, don girman Allah, kafin ki wanke, buɗe mini hannuwanki."

Ta ce, "Lauya ta koma duba ke nan?" Amma ta buɗe.

Tafin hagunta ja, kamar ta kwana da lalle. Na dama fari.

Na ce, "Kowa ta buɗe nata." Suka buɗe suna kallon juna. Na ce, "Jama'a, da wane hannu muke ɗaukar tsakuwa da kashin awaki?"

Bafulatana ta ce, "Dama."

"Shi kuma mai kyan, wanda ake ɗurawa a buhu a kai wa mutane su sha, wane hannu ke tura shi?"

 Badamagariya ce ta fara fashewa, ta riƙe ciki ta durƙusa. Ta ce, "Wayyo Allah, Madam Hajiya! Shekara nawa kina shayar da duniya da hagu ba ki sani ba!"

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana juya tafinta, ta dubi wannan, ta dubi wancan. Na ce a raina yau na ɓallo ruwa, za ta miƙe da rabin rumfa. Sai ga ɗiyata ta jingine tsintsiya, ta wanke hannu da sabulu, ta zo ta durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Hajiya, ki ba ni tuli ɗaya ki gani. In bai yi miki ba, na koma shara, ba zan sake magana ba."

Hajiya ta ce, "A yi salla tukuna."

Bayan mun idar ta nuna mata bakin tabarma da haɓa. Yarinya ta zauna, ta ɗauke gwangwani ta mayar da shi hagu. Duk rumfa aka kewaye ta, har manaja. Yatsun hagun nan suka shiga aiki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ido ba ya bin su. Da wurin ya yi fes, sai ta kwantar da shanyayyen hannun nan nata na dama, ta ture zoɓon da shi. Shaa.

Ta ɗago tana murmushi ta ce, "Hajiya, in dai dama ake so ta taɓa mai kyau, ina ga duk rumfar nan ni kaɗai ce ke bin ƙa'idarki."

Nan Hajiya ta saki jiki. Dariya ta yi har carbinta na rawa, tana cewa, "Astagfirullah! 'Yar banza mai baki irin na gwaggonta!" Da ta nitsa ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Na san wannan tun ina yarinya, na bar shi a allo. Taso daga bakin nan, ɗiyata, dawo kusa da ni. Kuma wanke hannu da sabulu da kika yi, daga yau kowa sai ta yi, dama da hagu."

Bafulatana ta rangaɗa guɗa. Manaja ya dube ni ya ce, "Mama, ashe lauyar ma ba ta kai ki ba."

Da yamma muka koma gida ina ta zuba, na ba Malam labarin sau biyu, da muryar kowa. Tuwo ya sauka, na kwashe masa nasa. Ɗiyata ta sa hannu ta ɗauki kwanon, ni kuma bakina ya riga ni: "Kawo, 'yar nan..." Na miƙa hannu zan karɓa. Tafina kawai ta kalla, jan bai gama fita ba.

Na janye hannuna.

Ta ɗauka da hagu, ta tallafe gindin kwanon da na dama, ta kai gaban Malam ta durƙusa. Ya karɓa, ya yi bismilla, ya kai loma. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Sannan ya leƙo ni ta saman kwano ya ce, "Ashe shari'ar har gida ta biyo ki."

Na cika mako biyuna na dawo bakin madafata, don ni zaman gida aka halitta mini. Jan tafina ya goge cikin 'yan kwanaki. Ita kuwa duk lokacin zoɓo tana can kusa da Hajiya, hannunta na dama ja har gwiwa. In ta dawo takan kawo mini gaisuwar Badamagariya, wai a tambayi Madam Rediyo yaushe za ta zo ta karanta musu labarai.