Gwaggo Jaratu da Ƙwan Dodon Koɗi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Maris 1968, cikin makon babbar salla, ɗan aike ya iske ni a Madawa da labarin rasuwar Gwaggo Jaratu, tsohuwar da ta taɓa kayar da ni a gaban gari guda, nake kuma gode mata har yau.

Gwaggo, ni ne Alƙasim, malamin gonan da kike kira Mushe Mai Turke, wato Malam Mai Turke da lafazin Faransanci. A ƙarshen daminar 1964 na zo ƙauyenku na ƙasar Ibohamane da albishir cewa gwamnati ta ba ku rijiyar siminti. Guda ɗaya ce tak. In ta lalace, mata za su koma tafiyar rabin yini neman ruwa duk rani. Na auna, na duba takarda, na kafa turke kusa da tabki, ina ta hura hanci.

Ke kuwa sana'arki kaɗi ce. Shekara da shekaru kina bin bakin tabkin nan kina tsintar ɓawon dodon koɗi, kina zuba allin kaɗi a ciki. Kika ja ni da hannu zuwa saiwar wata bagaruwa, taku arba'in sama da turkena, kika nuna mini ƙwai farare, a dunƙule kamar curin fura.

Kika ce, "Ɗana, duba. Uwassu cikin ruwa take, amma ba ta aje ƙwai inda ruwa ka kai. Rana ba ta busar da su, ruwa ɗai ka kashe su. Wurin ga da kak kahwa turke, na tabki na."

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce ba a haƙa rijiyar gwamnati da shawarar dodon koɗi. Ba ki yi gardama ba. Kika tara matan gari, kuka sanar da Maigari Rabo cewa ba mai ɗauko wa magina ruwa ko tsakuwa sai an matsa da turke. Kwana tara siminti yana jibge. Da na ga ba sarki sai Allah, na koma sama da bagaruwa, na kafa sabo, na bar tsohon a wurinsa don in kunyata ki.

Damina ta kewayo. Korama ta sauko daga dutse, tabki ya cika ya tumbatsa. Turkena ya nutse, ko kansa ba a gani. Ruwa ya zo gindin bagaruwa ya tsaya, rijiya na can sama ko laka ba ta taɓa ta ba. Mata suka yi ta guɗa, makiyaya suka kawo miki nono ƙwarya ƙwarya. Ni kunya ta hana ni shiga gari, sai ga ki da fura kin biyo ni har bakin hanya.

Daga baya wani likita a birnin Tawa ya gaya mini cewa irin wannan ƙwai yana ɗauke da wani sinadari, furotin, mai ciyar da ɗan da ke ciki, mai kare shi daga zafin rana. Na kawo miki labari da ɗoki, kika ce, "Madalla. Sai ka hwaɗa ma takardakka."

Ɗan aiken ya ce daga rijiyar nan aka jawo ruwan da aka yi miki wanka, a tsakiyar rani, guga bai ko taɓa ƙasa ba. Da na ji haka na yi kuka, amma wallahi har da na murna.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki Kaltuma, da jikoki, da matan da suka tsaya a bayanki. Allah ya jiƙan ki, Gwaggo, ya haskaka makwancinki, ya sa kowane guga ya zame miki lada, ya shayar da ke daga Alkausara. Amin.