Gaba Huɗu da Rabi

Jiya ina neman abin ɗaure akuya a ɗakin Kawu, shekara guda cif da rasuwarsa, sai na ci karo da igiyarsa mai ƙulle-ƙulle, har da dutsen da ke ɗaure a bakinta.

Kawu tsohon malamin firamare ne a Kende. Yana da wani littafi da gara ta ci gefensa, na wani Ba'amurke da ya bar gari ya kafa bukka a bakin tafki, yana noman wake, yana rubuta abin da idonsa ya gani. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "abokina na bakin ruwa."

Akwai wani tafki a hanyar Kurgu da kowa ke cewa ba a taɓa samun ƙasansa ba. Wata rana da hantsi ya sa na ari kwalekwale na kai shi tsakiya, wai abokinsa ma haka ya auna zurfin nasu tafkin. Ya zura igiyar nan mai dutse cikin ruwa. Ruwan yana warin laka, jiƙaƙƙiyar igiya tana zamewa a tafinsa yana ƙirga ƙulli. Can sai ta saki, dutsen ya taɓa ƙasa. Gaba huɗu da rabi.

Na ce, "Kawu, mu tahi mu gaya ma mutane!"

Ya ce, "A'a, ɗana. Wanda ka son sani, shi zo shi ari igiya."

Har ya rasu ba wanda ya zo aro. Mu biyu muka san zurfin ruwan nan, yau saura ni kaɗai.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci har inda igiya ba ta kaiwa.