Saura Mutum Ɗaya

Tun hantsi Ya'u mai cajin waya a tasha yake satar kallon matar da ke bencinsa. Za ta kai hamsin, mayafinta ya zame, gilashinta ɗaure da zare. Ta jona kwamfuta a soket, tana kallon ɗigo-ɗigo suna rarrafe cikin hoton bututu. A ganinsa malamar jami'a ce, irin waɗanda karatu ya cinye wa ido.

"Hajiya, wasa ne?"

"Ina fa, malam. Ƙwayoyin zarra ne masu wuyar samu. Da gudu suke zuwa, sai a tare su da iskar gas. In sun yi yawa sai su riƙa ture juna, su ɓace kafin mafita. Ina lissafa nawa za su tsira."

"Injin da ake yin wannan aikin yana ina?"

"Ƙasar waje, ban taɓa ganinsa ba. Batirina ya mutu. In na zare kwamfutar nan daga wuta, aikin kwana shida ya tafi."

Ɗan kamasho yana ƙwala kira: "Jos, saura mutum ɗaya!"

Ta dubi motar da take jira, ta dubi allon kwamfutar. Ta murza ido, ta zare takalmanta, ta gyara zama.

"Su tafi," ta ce.