Kwali Huɗu na Rigakafin Kaji

Shekara ashirin da uku Baba Sito ya yi yana riƙe da makullin ɗakin sanyi a kamfanin magungunan dabbobi. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe da lalacewa saboda hawa tsani, kuma bai taɓa yarda da sabon ma'aikaci don takardarsa ta yi kyau ba. Duk wanda aka kawo masa, aiki yake ba shi ya koma gefe yana kallo. Wasu ko azahar ba sa kaiwa.

Wannan karon manhaja aka kawo masa, irin mai karɓar umarni ta yi aiki da kanta. Ba ta da hannu, ayyuka goma sha biyu aka ba ta a cikin kwamfuta: na duba kaya, na fitarwa, na mayarwa, na warewa, da sauransu. Kowane aiki da ɗan bayaninsa a rubuce, shi take karantawa ta zaɓi wanda za ta yi. Wanda ya rubuta bayanan kuwa mijin 'yar Baba Sito ne, wanda kowa ke kira Injiniya.

Manaja ya ajiye wa Baba Sito takarda a kan tebur. "Baba, ka sa hannu cewa ta iya aikin sito. Alhamis nake so. In ka tsaya jan ƙafa, na sama sun ce a mayar da kai bakin ƙofa kana duba motoci."

"Da wannan gwiwar?"

"Shi ya sa na ce ka sa hannu."

Ranar Laraba da hantsi Injiniya ya zo da kwamfutarsa, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya nuna masa allo. Gwaji ɗari aka yi mata, ta ci casa'in da takwas.

"Wa ya shirya tambayoyin?"

"Ni, Baba."

"Wa ya duba amsar?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Ni dai."

"Madalla. Ni ma da ni ke ba kaina jarrabawa da tuni na zama likita. Rubuta mata abin da zan faɗa. Direba ya dawo da kwali huɗu na rigakafin kaji, motarsa ta mutu a hanya tun safe, rana ta buɗe."

Injiniya ya rubuta. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba, manhajar ta zaɓi aikin mayarwa, ta saka kwalayen cikin jerin kayan da ke shirye.

"Yanzu ce mata wani mai gona yana son kwali huɗu."

Ta fitar masa da waɗannan huɗun, har da fatan alheri a ƙarshe.

Baba Sito ya yi tsaki. Duk wanda ya yi mako guda a siton ya san rigakafin da ya sha rana ba ya komawa firji. Jan tef ake liƙa masa a kai shi kantar ƙasa. In ya je gona, mai kaji zai yi allura ya kwanta da hankalinsa, cuta ta zo ta share masa keji.

"Ga ma'aikaciyarka nan," in ji shi. "Baki zaƙi, aiki ɓarna. Da ma na san ƙarya take yi."

"Ba ƙarya ta yi ba, Baba." Injiniya ya buɗe bayanan ya juyo da allon. A ƙarƙashin aikin mayarwa an rubuta: yana mayar da kayan da suka dawo cikin sito. A ƙarƙashin na warewa: yana ware kaya. Shi ke nan.

"To wane malalaci ne ya rubuta wannan?"

Injiniya ya sunkuyar da kai, muryarsa ta yi ƙasa. "Watan jiya na zo na tambaye ka yadda ake yi da kayan da suka dawo. Ka ce min a mayar da su mana. Na ce warewar fa, ka ce warewa dai warewa ce, in tashi in ba ka wuri."

Baba Sito ya tuna ranar sarai. Da gangan ya yi. Ya ga yaro da littafi yana neman kwashe abin da ke kansa ya zuba wa na'ura, ya ce a ransa in sun gama kwashewa sallamarsa za su yi. Har yanzu bai daina zargin hakan ba. Ya dubi takardar Manaja, ya dubi ƙofar ɗakin sanyi.

"Jawo kujera," ya ce a ƙarshe. "Rubuta. Kada a yi aikin mayarwa ga duk abin da ke zama a firji in ya fita ya dawo. Ko direba ya rantse akwai ƙanƙara a motar, a ware. Ka rubuta har da maganar rantsuwar, na san su."

Har la'asar suna kan aiki na uku. Manaja ya leƙo da biro a hannu.

"Baba, gobe fa Alhamis."

"Na san kwanaki. Saura tara ba mu taɓa ba, kuma in an gama sai na sake gwada ta da nawa tambayoyin, ba na surukina ba."

"To bakin ƙofa fa?"

"Ka sa a kai min kujera can, mai jingina. Amma hannuna ba ya hawa takardar nan gobe."