Ganyen Rama da Yatsan Umma

Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar hoton abin da ban taɓa gani da idona ba. Idan na faɗa sai a ɗauka barkwanci nake yi, alhali ko kusa. Ofishinmu yana hawa na uku a wani tsohon gini kusa da Aldwych a tsakiyar London, inda motocin bas ke gurnani tun safe har mu tashi. Babu kyamara ko ɗaya a ciki, kwamfuta ce kawai da kujeru masu kashe baya. Kamfanonin da muke yi wa aiki suna can Kanada da wasu jihohin Amurka, inda doka ta yarda a sayar da alawa da cakulan da aka haɗa da tabar wiwi. A nan Ingila ba a yarda ba, don haka ba dama su aiko mana da kayan. Sai su turo awo da launi da zanen kwali, ni kuma in gina alawar a kwamfuta, in haska ta da fitilar ƙarya, in yi mata inuwar ƙarya, in barbaɗa mata sukarin ƙarya, har ta fito kamar ka miƙa hannu ka ɗauka.

Da wannan nake lallashin kaina. Ban taɓa ba, ban ɗanɗana ba, ko warinta ban sani ba. Hoto ne, hoton ma na abin da babu shi. Kullum a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa da nake shiga daga unguwarmu Stratford, nake maimaita wa kaina wannan karatu, a tsaye, jaka a ƙirji, hammatar wani a saitin hancina. Amma wallahi na gaji. Gajiya ce irin wadda barci ba ya maganinta.

A gida Kano abin da aka sani shi ne ina yin tallan alawa a kwamfuta. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Duk duniya mutum ɗaya nake tsoron ya san sauran zancen, Umma, mahaifiyata. Ba duka za ta yi ba, ba zagi. Ni dai na san yadda take kallona, kuma ban shirya rabuwa da wannan kallon ba.

Sai ga shi Allah ya kawo ta London, aikin ido. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu, mutum ma sai dai ta gane shi da murya. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana, sai "ke" ko "yarinyar nan", ga ni kuwa na haura arba'in. Magana ma ba ta yi mini ita kai tsaye, sai ta kewayo da ita ta bayan gida. Na bar mata ɗakin kwana na koma falo, inda teburin aikina yake, don kwana biyu a mako daga gida nake aiki. Allah ya yafe mini, har na ji daɗi a raina cewa ba ta gani sosai. Ina iya buɗe komai a gabanta, haske kawai take gani.

A lokacin wani aiki ne ya tsaya mini a wuya, alawar madara 'yan ƙanana. Sau uku na tura, sau uku suka dawo da ita. Wai ta yi kama da sabulu. Wai ta yi kama da roba. Ogarmu, wata Baturiya mai murmushin da ba ya kaiwa ido, ta tsaya a bayana ta ce abin ba shi da rai, kwastoma yana so a ga kamar wata tsohuwa ce ta yi shi a kicin ɗinta. Na ce a raina, tsohuwa ina? Inji ne ke tofo su dubu-dubu a wata masana'anta da ko ke ba ki taɓa gani ba. A fili kuwa na ce to, zan sake gwadawa. Haka aikin yake, a yi ta sa ka ƙirƙiro wa ƙarya kaka.

Ranar Juma'a na dawo a jigace, tun daga bakin lif na ji ƙamshin sukari da madara. Umma ce ta lallaɓa kicin da lalube ta yi tuwon madara.

"Haba Umma, ke da ba kya gani, idan kika ƙone fa?"

"Hannu ke yi, ba ido ba," in ji ta. "Zaman ne ya ishe ni. Garin nan ko maƙwabci ba ya sallama."

Nata tuwon madarar daban yake. Kowa yana shimfiɗawa a faranti ya yanka da wuƙa, ita kuwa sai ta gutsura ta mulmula ta dangwala babban yatsanta na dama a tsakiya. A yatsan akwai tabo, wuƙa ce ta yanke ta tun kafin a haife ni, don haka kowane ɗan rami sai ya fito da siririn layi a gicciye. Muna yara, ko a gidan suna aka haɗa na mutum biyar a tire ɗaya, da wannan layin muke tsince na Umma. Ba ta yi boko ba, yatsan nan shi ne sa hannunta. Da shi take zaɓe, da shi take karɓar kuɗi a banki, da shi ta dangwala aka ba ta bizar zuwa wurina.

Ban tsara ba, Allah shi ne shaida. Washegari da safe rana ta ɗan leƙo ta taga, abin da ba ta cika yi ba a garin nan, ta sauka a kan tiren. Na ga yadda haske ya kwanta a cikin ramin, da 'yar tsagar da ke gefe, da yadda babu biyun da suka zo daidai. Kafin in yi tunani na ɗauko waya ina zagaya tiren ina ɗauka, ta sama, ta gefe, ta ƙasa.

"Me kike yi haka kamar mai ɗawafi?"

"Aiki ne, Umma."

"To, Allah ya yi albarka."

Na ce amin. Na ce amin da bakina.

Ranar Litinin na gina alawar sabuwa a kan hotunan, da ramin, da layin, ban rage komai ba. Kwastoma ya rasa inda zai sa kansa don murna. Oga har tafi ta yi mini a gaban mutane. Aka ɗora hoton a kan kwali, aka ɗora a shafinsu, ƙato guda, kusa da koren ganyen wiwin nan mai yatsu bakwai. Na koma gida da ciwon kai, na ci tuwon madara biyu a tsaye, ban ji zaƙinsa ba.

Aka yi wa Umma aiki a ido ɗaya, bayan wasu makonni aka yi ɗayan. Alhamdulillahi, ido ya buɗe tangaran. Farkon abin da ta gani ƙurar da ke kan talabijin ɗina, na biyu furfurar da ke gaban goshina. Ta ce, "Ashe haka yarinyar nan ta rame." Na yi murna har da hawaye, amma daga ranar na fara juya fuskar kwamfuta zuwa bango. Mai gajiya kuwa ba ya rasa mantuwa. Wata Laraba na tashi yin alwalar la'asar na bar komai a buɗe. Da na fito sai na same ta tsaye a gaban teburin, sabon tabarau a hanci, ta sunkuya.

"Wannan ai nawa ne," ta ce. "Ga yatsana nan."

Ruwan alwala yana ɗiga daga gwiwar hannuna, na yi tsuru-tsuru kamar an kama ni da hannu a tukunya.

"Eh, Umma, naki ne."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta nuna ganyen da ke gefe. "Wannan kuma fa? Rama ce?"

Wanda ya san ganyen rama ya san akwai kama, ba kaɗan ba. Ƙofa ce aka buɗe mini, ni kuma na shige da gudu. Na ce, "Eh, kamar rama."

"Ikon Allah," in ji ta. "Ashe Turawa ma sun san rama. Alawa da rama." Ta gyara mayafi ta koma ɗaki.

Na yi ajiyar zuciya, na ce na tsira. Kai, ɗan Adam! Washegari na dawo daga ofis na tarar ta jiƙa busasshiyar ramar da ta zo da ita, ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ta ajiye mini a gaba, ta zauna tana jan carbi. Na ci ina turawa da ruwa. Tuwon madara kuwa ba ta sake yi ba har ta tafi. Da na tambaya sai ta ce madarar garin nan ba ta da auki.

A filin jirgi ta yi maganar. Mun riga mun ba da kaya, ma'aikaciyar da za ta tura ta a keke tana tsaye tana jira. Umma ba ni take kallo ba, wani allo take kallo can nesa wanda ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a kansa.

"Shekara hamsin ina tsinke rama," ta ce. "Ita rama yatsunta a haɗe suke a gindi, kamar tafin hannu. Wancan kowane yatsa da kansa yake tsaye. Na san shi. Wani ɗan haya ya taɓa shuka shi a kangon bayan gidanmu, ni na tumɓuke da hannuna."

Na buɗe baki zan fara karatun nan nawa na cikin tube, ban taɓa ba, ban ɗanɗana ba, a can doka ta yarda. Ta ɗaga hannu.

"Ban tambaye ki ba, ba kuma zan tambaya ba. Ke ba yarinya ba ce, tsakaninki da Ubangijinki. Albarkar da na sa miki tana nan, ban janye ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki cire mini yatsana. Ban sa hannu a wannan ba."

Ta zauna a keken, aka juya da ita. Ban san yadda na dawo Stratford ba.

Da safe na sami oga na ce ina so a shafe ramin. Ta dube ni kamar na ce a rushe ginin. Wai ramin nan yanzu shi ne alamar kayan, mutane da shi suke gane su, an riga an buga kwalaye, an amince da komai. Raina ya ɓaci, na ji kamar in kwashe kwamfutar in wurga ta taga ta sauka a kan bas. Amma me zan ce mata? In ce yatsan uwata ne na sata a kan tire? Na koma kujerata na zauna, ina kallon layin nan a fuskar kwamfuta ya kai tsawon hannuna.

Ranar Asabar na sayo madarar gari da sukari. Tukunyar farko ta ƙone, ta biyu ta yi ruwa, sai a ta uku ya kama. Na gutsura na mulmula na dangwala nawa yatsan, na zagaya tiren da waya kamar wancan karon. Da aka zo sabunta hotuna don bugu na gaba, na musanya. Rami yana nan, layi babu. Har yau ba wanda ya lura, ko oga ko kwastoma. Tsofaffin kwalayen kuwa suna can a kantunan da ba zan taɓa gani ba, babu yadda zan yi da su.

Na kira Umma na ce, "Na cire."

"To madalla. Me kika sa a wurin?"

"Nawa."

Can ta ce, "Ana ruwa a can?" Na ce ana yi. Ta ce in riƙa sa rigar sanyi.

Ina nan a ofishin har gobe, ba zan yi ƙaryar cewa na bari ba. Na nemi wasu wuraren, shiru. Makon jiya ma wata alawa mai siffar lemo na gina, suka dawo da ita wai ba ta da walwala.

Bayan sallar layya wata maƙwabciyarmu ta Kano ta zo ganin ɗanta da ke karatu a Bloomsbury, nan London, Umma ta ba ta saƙo. Na je na karɓo, yaji ne da kuka da wata 'yar roba mai murfi an naɗe ta da leda uku. Tun a cikin tube na ji ƙamshin. Ban iya jira ba, ina shiga gida ko takalmi ban cire ba na buɗe. Tuwon madara ne, fari tas, an shimfiɗa an yanka da wuƙa gida-gida, sumul, kamar na kowa. Na zauna a ƙasa na zazzage su a cinyata, ina juya su ɗaya bayan ɗaya, ko za a dace ta manta ta dangwala a guda ɗaya. Na duba har na ƙarshe. Ba ta manta ba.