Bijimin da Baba Tukur Ya Yaba

Har yau ban manta da ranar da na kusa rasa aikina saboda wani bijimi ba. A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina wankin hoto a wani shago a unguwar Harra ta Gabas, can ƙasa mai tsarki. Dokar mudir, wato mai shagon, ɗaya ce: hoton mutum daga injin sai ambulan, ba a nuna wa kowa.

Ana saura sati biyu Sallar Layya, Bashir, wani Musulmi ɗan Indiya mai aikin gonar dabino a unguwar Awali, ya kawo fim ɗin hutunsa. A ciki na ga wani ƙaton baƙin bijimi a kwance, yana sheƙi, an rataya masa furanni. Da na duba sosai sai na ga na dutse ne.

Akwai Baba Tukur, tsohon dillalin dabbobi da ke shan shayi a ƙofarmu, mai alfaharin daga hoto ma yana gane lafiyayyen sa. Na sake wanke hoton, na yanke ginin da ke bayansa, na miƙa masa.

"Ya ammi, baffana, ga sa a Awali. Ya ka gani?"

Ya gyara tabarau. "Dubi tozo. Wannan ya ci ya ƙoshi."

Na sha dariyata a ɗakin wanki, na ɗauka an gama. Washegari sai ga Baba da wani Alhaji, har da motar ɗaukar dabbobi, wai in kai su su sayi bijimin. Ga mudir a zaune, ga Bashir ya shigo karɓar hotunansa.

Bashir ya kalli hoton a hannun Baba, ya kalle ni. Ya ce wannan gunki ne mai suna Nandi, yana ƙofar wurin ibadar Hindu a garinsu, maƙwabtansa kan raɗa masa buƙatunsu a kunne. Tun kafin a haifi kakansa yake kwance a nan.

Mudir ya ce da ni, "Khalas, shi ke nan, ajiye makulli."

Baba Tukur ya kurɓi shayi. "Mudir, ƙyale shi. Sa ne da ba ya ci, ba ya ramewa. Ni ban taɓa ganin irinsa ba."

Alhajin ne ya fara dariya, har mudir ya kasa daurewa. Bashir kuwa bai yi ba. Ya ce a hankali, "Abokina na yarinta ne, mai bin addinin Hindu, ya ɗauki hoton. In ya ji an yi wasa da shi, ba zai ji daɗi ba."

Na ba shi haƙuri, na yaga kwafin a gabansa. Tun ranar na gane mai wankin hoto amanar mutane biyu yake riƙe da ita: wanda ya kawo fim, da wanda ba ya nan.